Zafin Kano da batirin waya: abin da na gani a doguwar buga gem

Ina buga eFootball da Call of Duty Mobile a waya, galibi bayan sallar isha'i, tare da abokai da ke Hotoro da Kurna da Sharaɗa, kowa yana gidansa. Batirin wayata 5000 mAh ne (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), kamar yawancin Tecno da Infinix da Redmi da ake sayarwa a kasuwar Farm Centre, kuma idan kira da WhatsApp kawai zan yi, takan kai ni daga safe har dare ban nemi caja ba. Amma da zarar na shiga gem, cajin wuni guda sai ya tafi cikin 'yan awanni, bayan wayar kuma ya ɗauki zafin da yatsu ke ji.

Da na fara lura, na gane cewa wasannin ba ɗaya suke ba wajen shan caji. Ludo ba ya wahalar da waya, amma wasan harbi yana sa injinta ya zana sabon hoto sau da yawa a kowace daƙiƙa, allo yana kunne, data tana kai da komo babu tsayawa, ga kuma murya idan ana magana da abokan wasa. Na rage hasken allo, na mayar da saurin sabunta shi daga 120Hz zuwa 60Hz, na sauke ingancin hoto zuwa matsakaici, kuma bambancin ya fito fili ba tare da wasan ya rasa daɗinsa ba. Akwai kuma batun sabis, wanda ba kowa ke kula da shi ba: idan ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi zuwa turken sadarwa, kuma daga batir take ɗibar wannan ƙarfin. A ƙuryar ɗakina sabis ba ya wuce layi biyu, a zaure kuwa yana cika, shi ya sa na koma can da zama.

Duk da haka, babban abin da na koya shi ne cewa zafi ya fi tsawon wasa illa. Batirin wayoyin yanzu na sinadarin litiyam ne, kuma zafi yana cin ƙarfinsa ta yadda ba ya dawowa. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera wayoyinsa ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, alhali a Kano zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Ke nan a ɗaki mai rufin kwano, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, wayar ta riga ta kusa iyakarta tun kafin a buɗe gem. Idan zafin ya yi yawa, da kanta take rage gudun injinta don ta kare kanta, nan ne za ka ga wasa ya fara cijewa, ɗan wasanka yana tafiya da ƙyar, kai kuma kana zargin sabis. Da hunturu, a Disamba da Janairu, wayar nan ɗaya da wasan nan ɗaya, ban cika ganin haka ba.

Inda abin ya fi muni shi ne buga gem waya tana caji. Na san abin da ke jawo shi, domin idan aka kawo wuta bayan dogon jira, kowa caja yake nema, kuma daidai lokacin ne abokai suke kan layi. To amma caji yana haifar da nasa zafin, musamman mai sauri, wasa ma yana haifar da nasa, sai su haɗu a kan batir ɗaya. Yanzu nakan yi caji tukuna, in bar wayar ta huce, sannan in fara. Nakan cire mata rigar roba, ba na ɗora ta a kan katifa ko filo, kuma tsakanin wasa da wasa nakan ajiye ta a kan tayil ko gaban fanka mai caji. Masu saka waya a firji don ta yi saurin sanyi suna jawo mata raɓa ne a ciki. Wasu wayoyin Infinix da Samsung suna da tsarin da ke kai wuta kai tsaye ga injin ya tsallake batir yayin wasa, kuma wanda wayarsa ke da shi ya kamata ya kunna.

Ana yawan ba da shawarar a riƙe caji tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin 100, kuma shawara ce mai tushe. Sai dai a ganina da wuya ka ce wa mutumin da bai san yaushe wuta za ta dawo ba ya zare caja a kashi 80. Nakan bi ta ranar da nake da tabbacin wuta, ranar da babu kuwa in cika. Lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Apple, cewa batirin iPhone 14 da na gabaninta zai riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wanda ke ƙarar da batir sau biyu a rana saboda gem zai kai wannan adadin cikin kusan wata takwas.

Fawa banki yana taimakawa, amma kada a ɗauka mai 10000 mAh zai cika wayar 5000 mAh sau biyu, domin wani kaso yana salwanta a matsayin zafi, kusan kashi biyu cikin uku ne ke isa waya. Kuma duk wanda ya ga murfin bayan wayarsa ya fara ɗagowa, ko allo yana rabuwa da jiki ta gefe, batirin ne ya kumbura. Na ga irinsa a teburin wani mai gyara, ya taso kamar gurasa. Irin wannan ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ƙara sa masa caji, domin yana iya kamawa da wuta. Sai a kashe wayar a kai ta a canza batir.