Daga tudu ake tare ruwa: darussan gyaran ƙasa a Adar

A ƙauyukan Adar ta Jamhuriyar Nijar, tsakanin Tawa, Keita, Buza da Illela, kukan farko da mutanen gari suke kawo wa masu aikin gyaran ƙasa kusan kullum ɗaya ne: a zo a dubi korama. Ta cinye bakin gona, ta binne rijiyar lambu da yashi, ta doshi maƙabarta. Kuskuren farko kuma shi ne a amsa kukan a daidai inda aka yi shi, a jibge duwatsu da siminti a bakin koramar. Ruwan da ya iso nan ya riga ya tattara ƙarfinsa tun daga kan dabagi, wato shimfiɗaɗɗen saman tudu, damina ɗaya ko biyu ta ishe shi ya zagaye ginin ko ya tone shi ta ƙarƙashi.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama na milimita 30 a kan hekta ɗaya lita 300,000 ne, wato ganga 1,500 mai cin lita 200. A kan faƙo, inda fuskar ƙasa ta daskare kamar daɓe, rabin wannan ko fiye da rabi gudu yake yi. Idan dabagin da ke bisa gari ya kai hekta 200, ganga 150,000 ke nan take gangarowa ta hanya ɗaya cikin sa'a guda ko biyu. Shi ya sa ba a auna aikin da iyakar gona ko iyakar gari. Ana auna shi da dukan ƙasar da ruwanta yake haɗuwa a korama ɗaya, kuma kafin a ɗaga diga sai an taka ta da ƙafa daga sama har ƙasa: dabagi, gangaren dutse, faƙon gindin tudu, jigawa, sannan fadama. Washegarin ruwa mai ƙarfi na farko ya fi dacewa da wannan zagaye, domin shara da kashin awaki da ruwa ya jera suna nuna hanyarsa fiye da kowace taswira. A tafi da dattawan gari da makiyaya. Su ne suka san inda koramar take bi shekaru talatin da suka wuce.

A kan dabagi ana yin ganuwar ƙasa mai tsawon mita 80 da fukafukai biyu na mita 10 masu kallon sama, kamar guda shida a hekta, a lulluɓe ta da dutse. A gangare mai tsayi kuma ramuka ake haƙawa a kwance, tsawo mita 3, faɗi da zurfi santimita 60, a dasa icce a tsakiyar kowanne. Waɗannan aikin jama'a ne da kayan aiki masu nauyi. Abin da manomi ɗaya zai iya yi a gonarsa yana farawa ne daga layin dutse, kuma a nan ne ƙaramin sakaci yake jawo babbar ɓarna.

Layin dutse dole ya kwanta a kan ƙasa mai tsayi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ido ba ya iya gane wannan, ko idon wane ne. Abin awon kuwa mai araha ne: tiyo mai haske na mita 10 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawo ɗaya da aka yi wa zane iri ɗaya. A cika tiyon da ruwa, a kaɗa shi har kumfar iska ta fita duka, a ɗaure bakinsa a jikin sandunan. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya yi ta matsa sandarsa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, a kafa turke, a ci gaba. Kumfa ɗaya da ta maƙale a tiyon tana karkatar da layin. Tiyon da ya sha rana yana saki, don haka a riƙa haɗa sandunan wuri ɗaya ana duba zanen, kuma awon safe ya fi na tsakar rana. Layin da ya karkace ba ya tare ruwa, jan sa yake yi gefe guda kamar lambatu, ya tara shi a lungu ɗaya ya fasa, sai ga sabon kwazazzabo a gonar da a da ba ta da shi.

Bayan awo a tona ɗan rami na santimita 5 zuwa 10, a zaunar da manyan duwatsu a ciki, a cike giɓin da ƙanana ta ɓangaren sama. Tsayin layin santimita 20 zuwa 30 ya isa. Ba a son ya zama bango. Amfanin dutse shi ne ruwa ya ratsa a hankali, ya ajiye laka da tarkacen da ya ɗauko. A ƙasa mai ɗan gangare kaɗan, tazarar mita 30 zuwa 35 tana ba da layi uku a hekta, wato mita 300 na dutse, wanda ya haura sawu hamsin na amalanken jaki. Inda dutsen yake da nisa, jigilar ce take cinye kuɗi da ƙarfi. A dasa gamba a bayan layin tun daminar farko. Cikin 'yan shekaru laka za ta binne duwatsun, a lokacin saiwar gamba ce za ta riƙe wurin, ga kuma zana da abin rufin ɗaki.

Rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ake haƙawa don tare ruwa, na faƙo ne mai gangare kaɗan. Ma'aunin da aka saba da shi a Nijar: faɗi mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, mita 8 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan a layi ɗaya, mita 4 tsakanin layuka, abin da yake ba da 313 a hekta. Bakinsa yana kallon tudu, ƙasar da aka haƙo ita ce kunyar da ke bayansa, kuma layi na biyu yana zama a saitin giɓin na farko domin ya cafke abin da ya tsere. Filin da aka bari tsakaninsu ba asara ba ne, shi yake tara musu ruwa. Mutum yana haƙa biyu zuwa uku a yini. A jigawa kuwa ɓata ƙarfi ne, iskar bazara za ta cike shi da yashi tun kafin shuka.

Tassa ita ce ta fi koya wa masu wannan aiki hankali. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar taki ɗaya, kusan 10,000 a hekta. Da rani ake haƙa shi, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu, kamar giram 300, wato tan 3 a hekta. Gara ce take ƙarasa aikin: tana zuwa cin takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan farko ya bi ya nutse. Ramin da babu taki a ciki zai tara ruwa, amma geron zai fito rawaya ya tsaya. Ɗanyen taki kuma yana ƙona tsiro idan aka samu fashin ruwa bayan shuka, shi ya sa ake son wanda ya ruɓe, a zuba shi makonni kafin damina. A ƙasa mai laka sosai, shekarar ruwa da yawa, gero yana shan ruwa ya mutu a ramin, dawa ta fi jurewa. Wanda ya samu takin zamani, giram 6 na NPK ko giram 2 na DAP a kowane rami ya wadatar, kilo 60 ko kilo 20 ke nan a hekta.

Aikin yana da nauyi, hekta ɗaya tana cin kimanin sa'o'i 300 na haƙa, amma duk da haka tassa ta yaɗu a Illela ta Nijar da Badagishiri ba tare da an bi kowa da buhun hatsi ba. A ƙarshen shekarun 1980 wani shiri da asusun IFAD na raya aikin gona na duniya ya tallafa ya kai wasu manoma Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan a can, suka dawo suka gwada. Damina ta yi gardama a 1990, gonakin tassa suka ba da hatsi, na kusa da su suka ƙone. Gani ya kori ji. Daga nan mutane suka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba a karɓa, matasa kuma suka samu sana'ar haƙa tassa a biya su.

A kwatanta wannan da manyan filayen gari da aka gyara da abinci ko kuɗin aiki. Shirin Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gyara dubban hektoci, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun domin maza sun tafi bida, wato ci-rani. Babu mai raina wannan, abincin aikin ya tsayar da gidaje da yawa a shekarun yunwa. Sai dai biyan kuɗi a kan kowane rami yana da illar da aka gani a wurare da dama: ana ƙirga yawa, ba a duba zurfi, sai a samu rabin wata mai zurfin tafin hannu. Maganinsa sanda ce mai zane a hannun mai karɓar aiki, ramin da bai kai ba a sake shi kafin a rubuta. Babbar illar kuma ita ce, ranar da biya ya ƙare gyara ya ƙare, idan ba a san mai wurin ba.

Saboda haka maganar mallaka tana gaba da diga. Faƙon da ba wanda ya kula da shi, da zarar ya yi ciyawa sai magada su fito ta ko'ina. An sha ba ƙungiyar mata fili da fatar baki, su zuba ƙarfinsu shekara biyu, a ta uku mai wuri ya ce yana son abinsa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda daga baya aka kai har matakin ƙauye. A yi takarda a gabansu da gaban mai gari tun wurin yana faƙo: aro ne ko kyauta, na shekara nawa, wa yake da icce, wa yake da ciyawa. Haka nan a tabbatar ba a toshe burtali ko hanyar mashaya ba. Dabagin da manomi yake gani kango ne, makiyayi ya san shi ne inda dabbobi suke zama idan gonaki sun rufe ƙasa da damina. Filin da aka dasa yana buƙatar hutu daga kiwo na shekara biyu zuwa uku. Shingen waya ba ya tsare shi, sace wayar ma ake yi. Abin da yake tsare shi shi ne mai gadi da ake biya daga kuɗin ciyawar wurin, da yarjejeniyar da makiyaya suke ciki, wadda ta ba su damar yankan kyasuwa ko sayenta da rahusa. A kuma lura da garmani, wani tsiro da yake mamaye irin waɗannan filaye, dabba ba ta damu da shi ba. A cire shi kafin ya yi iri.

Tallafin sana'a da ake haɗawa da wannan aiki yana da amfani ne idan ya koma cikin ƙasar. Tan 3 na taki ba ya faɗowa daga sama. Turkar rago ko akuya biyu a gida tana cin harawa da ciyawar filin da aka gyara, ta ba da taki, ragon kuma ya yi kuɗi da layya. Amalanke ɗaya ga gidaje biyar yana kai dutse da taki. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Maraɗi a 1991, yana ba da ɗan bashin da ke hana sayar da akuyar idan yaro ya kwanta ciwo. Ajiyar hatsi a rumbun ƙungiya a karɓi bashi a kansa tana hana manomi karyar da amfaninsa da kaka ya dawo ya saya da tsada a bazara. Akwai kuma maganar lokaci: haƙa aikin rani ne, rani kuma shi ne lokacin da majiya ƙarfi suke Kano ko Abidjan. Wanda bai tsara aikin tun bayan girbi ba, tsofaffi da mata zai tarar.

Game da icce, mafi arha shi ne wanda ya riga yana cikin gonar. Dashen da aka raino a leda yana mutuwa da yawa a ranin farko, amma kututturen sabara, kalgo, magarya da gawo suna da saiwa mai zurfi tun tuni. Sassaben zamani, wanda masanin noma Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka yaɗa tun 1980 da 'yan kai, shi ne a zaɓi tofo uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran, a rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayi da wuƙa mai kaifi, yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. An ƙiyasta ya rufe kusan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Bai kankama ba sai da manomi ya tabbata iccen da ya raina nasa ne, ba za a ci shi tara ba idan ya sari reshe.

Sai bayan an rage ƙarfin ruwa daga sama ake komawa ga koramar da aka fara kuka a kanta, kuma daga kanta ake farawa, inda take ƙarama. Shingen dutse kada ya wuce mita ɗaya idan babu kwandon waya da zai riƙe duwatsun. A shigar da shi cikin gaɓa biyu aƙalla rabin mita, in ba haka ba ruwa zai bi ta gefe. Tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa domin ruwa ya bi ta nan, a kuma shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗa, domin ta wannan wuri yake tone gindin shinge. A jera shingayen bi da bi, kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama. Idan an yi haka laka tana cika bayan kowane shinge, ruwa yana nutsewa, rijiyoyin fadama suna tasowa, kamar yadda aka gani a Batodi ta Illela, inda lambuna suka samu bayan an gyara gonakin da ke kewaye. Amma a gaya wa garin da ke ƙasa tun da wuri cewa tafkinsu zai iya jinkirin cika, kada su ji a salansa.

Gyaran shekara-shekara a watan Afrilu da Mayu ake yin sa: a mayar da duwatsun da shanu suka ture, a ɗaga waɗanda laka ta binne, a kwashe yashin rabin wata, a sake buɗe tassa bayan shekara biyu. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi kuma mutum biyu su bi layukan da fartanya. Giɓin da bai fi kamu ɗaya ba kwando biyu na dutse ne a watan Yuli, idan aka bar shi zuwa Agusta sai an kira gayya.