Yadda na kai dara cikin waya, kwamfuta da na'urar gem

Tun ina yaro nake tsugunawa bayan kawuna ina kallon dara a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Gurabe 30 ne a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida, kowa da 'ya'yansa 12, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Da na fara koyon rubuta manhaja sai na ƙudurta cewa wannan wasan zan fara ginawa, kuma ina so ya buɗe a waya, a kwamfuta, har da na'urar gem da ake jonawa da talabijin.

Na zaɓi Godot. Injin gina wasanni ne da Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan ƙasar Ajantina, suka saki kyauta a 2014, sigarsa ta 4 kuma ta fito a watan Maris na 2023. Ka rubuta wasanka sau ɗaya da yaren GDScript, sai ka fitar da shi zuwa Windows, Linux, Android da sauransu. Dokokin dara ba su ɗauke ni fiye da mako biyu ba. A kwamfutata komai lafiya lau: ka danna ɗa da linzami (wato mouse), ka danna gurbi, ya koma.

Ranar da na sa shi a waya na miƙa wa Kawu, ya juya ta, ya taɓa, ya sake taɓawa, sannan ya ce, "Ɗan nan, ni wancan gurbin nake nufi, me ya kai shi nan?" Gurabena ƙanana ne, na auna su da kan linzami mai tsini, yatsan manomi kuwa yana rufe biyu lokaci guda. Google ya ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza 48dp kowane gefe (dp ma'aunin girman abu ne a fuskar waya), ni ban ma duba ba. Ga wani abu kuma: a kwamfuta idan ka kai linzami kan gurbi yana haske tun kafin ka danna, da haka mai wasa ke gane inda ya halatta ya sa ɗansa. Yatsa ba ya shawagi a kan gilashi, ko ya taɓa ko bai taɓa ba. Dole na sake tsari, yanzu da ka ɗauki ɗa duk guraben da zai iya shiga suke haskawa.

Wayar ta ƙara koya min abubuwa biyu. Ƙaramar wayar ƙanwata mai RAM 2GB ta riƙa sanƙarewa, sai da na bar tsarin zana hoto na Godot mai nauyi, wanda ke aiki da Vulkan, na koma mai sauƙin, wanda ke kan OpenGL ES 3.0. Wasan gurabe da tsakuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Na biyun shi ne kira. Ana tsakiyar wasa waya ta yi ƙara, mutum ya amsa, ya dawo ya tarar allo fayau, domin Android na iya kashe manhajar da aka tura baya idan wuri ya yi mata kaɗan. Tun daga nan nake adana matsayin wasa bayan kowane motsi.

Akwai kuskuren da ya ci min kwana uku. Hoton tsakuwa na ajiye shi da suna mai babban baƙi a farko, a cikin rubutun shirin kuma na kira shi da ƙarami. Windows ba ruwanta da wannan bambanci, amma da aka ƙunshe wasan aka fitar, tsakuwa ta ɓace. Sai kuma haruffanmu: ƙ, ɗ, ɓ suka koma akwatuna, saboda salon rubutun da na ɗauko don kyansa ba shi da su. Na canza zuwa Noto Sans, na kuma cusa shi cikin wasan maimakon dogaro da wanda ke kan na'urar mutum. Ba zan yarda wasan Hausawa ya rubuta "dan" a inda ake nufin "ɗan" ba.

Batun na'urar gem shi ya fi buɗe min ido. Na ɗauka kamar Android ne, ka danna ka fitar. Ashe PlayStation, Xbox da Switch kowanne sai ka yi rajista da kamfaninsa, ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kafin a ba ka kayan aiki. Shi ya sa Godot, da yake a buɗe yake ga kowa, ba ya zuwa da hanyar fitarwa gare su, sai dai a bi ta kamfanoni irin su W4 Games. Aljihuna bai kai nan ba. Abin da na samu shi ne Steam Deck na wani abokina, na'urar gem ta hannu da kamfanin Valve ya fitar a 2022, wadda ke aiki da Linux. Muka jona ta da talabijin, muka ɗauki hannun gem, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasa da shi.

Wasan ya buɗe, amma ba abin da ya motsa. Babu linzami, babu taɓawa, ni kuma duk shirina a kan tambaya ɗaya na gina shi: ina aka danna? Hannun gem sama, ƙasa, hagu, dama kawai ya sani, don haka dole a kowane lokaci a samu gurbi ɗaya da ke riƙe da alama, kuma kowane madanni ya san maƙwabcinsa. Sai da na rushe kusan rabin aikin na sake shi. Na daina rubuta "idan an danna linzami", na koma rubuta niyya: zaɓa, fasa, matsa. Kowace na'ura sai a ɗaura mata abin da ke nufin "zaɓa" a wurinta. Ko sunan madanni ma ba a rubuta shi kai tsaye, domin A a ƙasa yake a hannun Xbox, a na Nintendo kuwa a dama yake. Rubutun da ke karantuwa a waya kusa da hanci, daga kan tabarma zuwa talabijin sai ya zama tururuwa, shi ma na ƙara masa girma.

Da zan sake farawa, da hannun gem da mafi ƙanƙantar waya zan fara gwaji tun makon farko. Abin da ya yi aiki a kansu, linzami ba ya ba shi wahala, amma akasin haka ni na ɗanɗana shi.

Kuɗin shiga kasuwannin manhaja ma na lissafa: Google Play dala 25 sau ɗaya, Steam dala 100 ga kowane wasa, Apple dala 99 duk shekara tare da buƙatar kwamfutar Mac. Na fara da Android, iPhone sai Allah ya hore. Kawu dai yanzu bayan la'asar yakan aiko a karɓar masa wayata, ya kuma ce in ƙara wa kwamfutar da yake karawa da ita a wasan wayo, don tana barin gurbin tsakiya a buɗe. Aikin da nake kai ke nan a wannan makon.