Yadda na fassara wasiƙar wani yaro daga birnin Rum

Ina koyar da tarihi a ƙaramar sakandare. A zangon da ya wuce na so ɗalibaina su ji muryar sa'ansu daga wani zamani, sai na zaɓi 'yar wasiƙar da Wolfgang Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, ya aika gida daga Rum ranar 14 ga Afrilu, 1770, yana ɗan shekara 14. Shi da mahaifinsa Leopold sun bar garinsu Salzburg, a ƙasar Austria ta yau, tun Disambar 1769, suka bar mahaifiyarsa da yayarsa Nannerl a gida. Uban ne ke rubuta doguwar wasiƙa, yaron ya ƙara nasa a ƙasan takardar.

Fassarata ta farko ba ta yi ba. Na buɗe da "bayan gaisuwa mai tarin yawa", na jero jimloli masu nauyi, na karanta wa ajin, babu wanda ya ko ɗaga kai. Da na dawo gida na sake zama da wasiƙar, sai na gane na mayar da yaro dattijo. Shi kuwa da kukan alƙalaminsa mara kyau ya fara. Ya ce da ma yayarsa tana nan, domin birnin zai burge ta. Ya ce gado ɗaya ne tal a masaukinsu, ba ya samun barci kusa da babansa. Sannan ya ba da labarin da ya fi taɓa ni: ya je sumbatar ƙafar mutum-mutumin Bitrus, almajirin Annabi Isa, a babban cocin birnin, amma tsawonsa bai kai ba, sai da aka ɗaga shi.

A wannan takardar ce uban ya ba da labarin da littattafai suka riƙe, cewa ɗansa ya ji wata waƙar coci a Sistine, ɗakin ibadar fadar Paparoma, ya rubuta ta da ka. Abin alfahari ne ga uba. Yaron kuwa gado ne ya dame shi, kuma ni a nan na ga yaron sosai.

Sai na sake aikin. Na gajarta jimlolin, na bar su suna tsalle daga magana zuwa magana yadda ya bar su. Na sa ya kira Nannerl Yaya, tunda ta girme shi da fiye da shekara huɗu. Sumba dubu da ya aika wa Mama da Yaya a farkon wasiƙar na bar ta yadda take, ban mayar da ita durƙuso ba, al'adarsu ce, bayani kawai na yi.

A karo na biyu, da na zo wurin ɗaga shi, ajin ya kaure da dariya. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni ma in rubuta wa Yayata zuwana Kano?" Washegari ta kawo shafi guda. Rabinsa a kan takalminta ne da ya tsinke a cunkoson Kantin Kwari.