Wasiƙa daga Kanada: ba yadda Amurkawa ke kwaikwaya suke magana ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Toronto, da fatan kowa da iyalinsa lafiya. Masu shirin zuwa karatu ko aiki sun sha tambayata ko Turancin Kanada daban yake da na Amurka. Wasu har bidiyon barkwanci suke turo mini, inda Ba'amurke ke kwaikwayon ɗan Kanada: ya ce "aboot" a maimakon "about", ya liƙa "eh" a ƙarshen kowace magana, ya yi ta ba da haƙuri ko da shi aka taka wa ƙafa. Wannan hoton maƙwabta ne suka zana shi, kuma wanda ya sauka filin jirgi da shi a ka zai daɗe kunnensa bai buɗe ba.

Ban taɓa jin ɗan ƙasar nan ya ce "aboot" ba. Akwai dai abin da Amurkawa suka ji. Su sukan wage baki su ce "abaut", mutumin Ontario kuwa yakan fara sautin da baki a ɗan tsuke, sai ya fito tsakanin "abaut" da "abot". Ba a kowace kalma yake yin haka ba: zai yi a "out" da "house", ba zai yi a "loud" ba, domin baƙin da ke biyowa ne ke jan wasalin. Masanin harshe Martin Joos ya yi rubutu a kan wannan tun 1942, sannan J. K. Chambers na Jami'ar Toronto ya raɗa masa sunan da masana ke amfani da shi, wato "Canadian raising", a 1973. Kuma a cikin Amurkar kanta, mutanen Minnesota da Dakota ta Arewa suna da irin wannan lafazin.

Kamannin Turancin ƙasashen biyu yana da tarihi. Bayan yaƙin 'yancin Amurka ya ƙare a 1783, dubban mutanen da suka goyi bayan Sarkin Ingila sun tsallako suka zauna a inda yanzu ake kira Ontario da New Brunswick da Nova Scotia, da bakinsu na Amurka. Daga baya baƙi da malaman makaranta daga Birtaniya suka kawo nasu salon rubutu. Shi ya sa ɗan Kanada zai yi maka magana kamar Ba'amurke, amma ya rubuta "colour" da "centre", ya kira harafin ƙarshe "zed" yadda aka koya mana a firamare.

"Eh" kam akwai ta, neman goyon bayan mai sauraro ce, an kuma fi jin ta a bakin dattawa da mutanen karkara. 'Yan Kanada da kansu suka yayata ta: a 1980 'yan wasa biyu, Rick Moranis da Dave Thomas, suka fara fitowa a shirin barkwanci na talabijin mai suna SCTV a matsayin 'yan'uwa biyu marasa aikin yi masu "eh" a kowace jimla. Wasan cikin gida ne, Amurkawa suka ɗauke shi tamkar bayanin ƙasa. Ba da haƙuri ma gaskiya ne, har Ontario ta yi doka a 2009 cewa faɗin "sorry" ba amsa laifi ba ne a shari'ar neman diyya.

Kalmomin da za su ɗaure wa sabon zuwa kai ba su cikin waɗancan bidiyoyi. Mai gidan haya zai ce maka kuɗin haya bai haɗa da "hydro" ba, ka ɗauka ruwa yake nufi, alhali wutar lantarki ce, saboda a larduna irin su Quebec da Manitoba da British Columbia daga madatsun ruwa ake samun mafi yawanta. Sulen dala ɗaya "loonie" ne, daga sunan tsuntsun ruwan da ke jikinsa tun 1987, na dala biyu da ya zo a 1996 kuma "toonie". A layin shagon kofi na Tim Hortons da sassafe za ka ga leburori cikin rigar aiki, kowa ya iso gaban mai sayarwa ya ce "double-double" kawai, a miƙo masa kofi mai madara biyu da sukari biyu. Hular sanyi "tuque" ce. A Saskatchewan rigar sanyi mai hula "bunny hug" ce, a Montreal kuma ko mai Turanci "dépanneur" yake kiran shagon unguwa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Newfoundland. Tsibirin bai shiga Kanada ba sai 1949, kuma kakannin mutanensa masunta ne daga kudancin Ireland da yammacin Ingila, waɗanda suka yi ƙarnuka a ƙauyukan bakin teku babu hanyar mota. Turancinsu yana da sauri da waƙa, yana da ƙamus nasa mai kauri da aka buga a 1982. Gaisuwarsu "What are ye at?", kuma "b'y", wato "boy" a lafazinsu, ba ta barin bakinsu. A 1992 gwamnati ta hana kamun kifin cod saboda ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, da yawa suka nufi Ontario da wuraren haƙar mai na Alberta. A can suka tarar 'yan ƙasarsu na yi musu barkwancin da ke nuna su a matsayin wawaye. Ina aiki da wata mata 'yar can. A ofis Turancin Toronto take yi sumul, ba ka gane komai. Da wayar mahaifiyarta ta shigo sai ta juya kujera ta rage murya, harshen tsibirin ya kwararo, da ƙyar nake tsintar rabinsa. Ta ce mini tun tana budurwa ta koyi ɓoye shi, don kada a raina ta wurin neman aiki. Duk Bahaushen da ya ga yadda 'yan barkwancin Kudu ke maida mu mutanen da ba su bambanta "p" da "f" ya san wannan zafin. Kwaikwayon da Amurkawa ke yi wa ɗan Ontario tsokanar maƙwabci ce, ba ta hana kowa cin abinci. Wanda ake yi wa ɗan Newfoundland a cikin gida ya sa mutane sun ji kunyar bakin iyayensu.

Ga kuma Toronto, inda kusan rabin mazauna a wata ƙasa aka haife su. Ku shiga bas lokacin tashi daga makaranta a Rexdale ko Scarborough ku saurara. Yaro zai gaida abokinsa da "wagwan" ta Jamaika, ya kira kansa "mans", sannan ya rantse da "wallahi", alhali iyayensa 'yan Filifin ne ko Fotugal, wataƙila bai taɓa shiga masallaci ba. Daga yaran Somaliya da Larabawa kalmar ta bazu. Nakan so a ce sun san nauyin rantsuwar da suke yi, amma ba na musun cewa a nan aka haifi yaran nan, kuma wannan ma lafazin Kanada ne, ko da manya na ce masa lalacewar harshe.

Ban taɓo Faransanci ba, wanda kusan ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar suka tashi da shi, ban kuma taɓo harsunan 'yan asalin ƙasa sama da 70 ba. 'Yan uwa na Maradi da Damagaram masu niyyar Quebec, ku shirya kunnuwanku, don Faransancin titin Montreal ba irin na makarantar Yamai ba ne. Wannan sai a wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
daga Toronto