Sabunta Injin Fijo 504 a Sakkwato: Fistan, Tof da Kamshaf

Motar da nake gyarawa Fijo 504 ce da na gada daga kawuna, wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga da ita tsakanin Sakkwato da Illela. An fara ƙera irin wannan mota a Faransa a 1968, daga baya kamfanin Fijo na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har zuwa 2006, shi ya sa har yau ba a rasa kayanta da masu sanin cikinta a Arewa. Da ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, sai na yanke shawarar a sauke injin a yi masa cikakken gyara. Abin da na riƙe tun farko shi ne fistan da tof (murfin saman inji) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ba a zaɓen su ɗaiɗai, domin kowanne yana da hannu a yadda injin zai jure zafin garinmu da irin man da muke samu.

Injin da ke cikinta shi ne mai suna XN1, mai silinda huɗu da girman 1971 cc, faɗin kowace silinda milimita 88, tafiyar fistan kuma milimita 81. Yana da ƙane mai 1796 cc wanda faɗin silindarsa milimita 84 ne, kuma a ido suna kama da juna ƙwarai, don haka wajibi ne mutum ya auna nasa kafin ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo masa kaya. Wani alherin wannan inji shi ne ba a cikin jikin bulok ɗin, wato gangar injin, aka fafe silindarsa ba. Kowace silinda silibi ce mai zaman kanta da ake zurawa, ruwan lagireto yana zagaye ta kai tsaye. Idan ta cinye, ba sai an kai bulok an faɗaɗa shi ba, cire ta ake yi a sa sabuwa.

A nan ne mutane da yawa suke neman sauƙi, su sayi ringi kaɗai su bar tsohon fistan da tsohuwar silibi. Bakaniken da ke yi mini aikin, dattijo ne da ya tsufa a kan Fijo, ya kama hannuna ya sa farcena a cikin silibi kusa da bakinta, sai na ji farcen ya maƙale a wani ɗan tudu inda ringin sama yake tsayawa. Ya ce, "Alhaji, ka ji wannan? Sabon ringi ba zai zauna a nan ba, kafin damina hayaƙin zai dawo." Na bi shawararsa muka sayi saiti guda, silibi da fistan da fil ɗin da ke riƙe fistan da ringi waɗanda aka auna tare tun daga masana'anta, kuma ba mu yarda an cuɗanya fistan ɗin wannan da silibin wancan ba. Wajen zurawa kuma, dole kan kowace silibi ya ɗan ɗara saman bulok da gwargwadon da littafin motar ya faɗa, domin gaskit ya danne ta sosai. Idan ta nutse, ruwa zai sami hanyar shiga cikin mai, kuma duk kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Batun tof ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma a ganina shi ne zuciyar aikin. Bulok ɗin na baƙin ƙarfe ne, tof kuwa na alminiyom, kuma alminiyom yana lanƙwashewa idan inji ya taɓa tafasa. A garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da wuya ka sami 504 da ba ta taɓa tafasa ba. Dattijon ya wanke tof ɗin, ya kifa shi a kan benci, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa ta tsawo da ta kusurwa, ya durƙusa yana duban ko haske zai ratsa ta ƙasa, sannan ya gwada zura siririn ma'auni a tsakiya. Akwai ɗan lanƙwasa, wanda ke nufin sai an kai shi an goge fuskarsa.

Gogewar tana da farashin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. Kowace silinda tana zuƙar kusan 493 cc, sannan fistan ya matse wannan cakuɗen mai da iska a cikin ɗan ramin da ke ƙarƙashin tof. A ce matsin injin 8 bisa 1 ne, to ramin zai kai kimanin 70 cc. Idan aka cire milimita ɗaya daga fuskar tof, ramin yana iya raguwa da kusan 6 cc, matsin ya haura 8.6. A takarda ƙarin ƙarfi ne, amma a kan hanyar Gusau da tsakar rana, da man da ingancinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙarin matsi yana sa mai ya kama da wuta kafin lokacinsa. Wannan ita ce ƙarar ƙas-ƙas da ake ji idan an taka mota a hawa, kuma ita ce take cinye kan fistan da gaskit. Tof ɗin da ya sha gogewa a hannun mutane daban-daban cikin shekaru talatin ko arba'in, gara a auna kaurinsa, idan ya gaza iyakar da aka sa masa a nemi wani. Haka kuma fistan ɗin wannan inji ba iri ɗaya ba ne a wajen matsi, don haka ni na zaɓi mai sauƙin matsi, tunda tof ɗina ya riga ya rasa wani abu na kaurinsa. Ramukan ruwan da ke jikinsa ma mun tarar sun fara zaizayewa saboda ruwan rijiya da aka daɗe ana zubawa, kuma daga yanzu ruwan lagireto mai maganin tsatsa kawai zai shiga motar.

Game da kamshaf, wani matashi a garejin ya ce da ni, "Baba, ai akwai wanda ake sa wa motocin tsere, ka nema mana." Na fahimci sha'awarsa, domin 504 ta yi suna a gasar Safari ta Kenya, wadda ta lashe a 1975. Sai dai kamshaf mai daɗe riƙe bawul a buɗe yana ba da ƙarfinsa ne idan inji yana juyawa da sauri sosai, a ƙasa kuwa sai motar ta yi sanyi, ta riƙa rawa a tsaye, ta ƙara shan mai. Motar da za ta bi cunkoson kasuwa, ta ɗauki iyali da buhunan gero, ƙarfin ja daga ƙasa take buƙata, kuma na asali shi ne yake ba da wannan. Namu yana cikin bulok, sarƙa ce take juya shi, yana tura bawul ta sanduna. Biyu daga cikin 'yan tuddan jikinsa masu tura bawul sun lashe har ana gani da ido, sai muka sa sabo irin na asali tare da sababbin tafet, wato ƙarafan da ke zama tsakaninsa da sandunan, domin tsohon tafet yana cinye sabon kamshaf cikin ɗan lokaci. Sarƙar taimin ma mun canza ta tunda injin yana buɗe.

Wajen rufewa an ɗaure ƙusoshin tof da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, an saita bawul ɗin shiga a kan milimita 0.10, na fita a kan 0.25, injin yana sanyi. Na nace a mayar da tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, maimakon a jefar da shi kamar yadda aka saba, an wanke lagireto, an kuma sa sabuwar matatar iska, saboda ƙurar hunturu ita ce take fara cinye ringi. Yanzu motar tana tafiyar sabon inji, ba gudu, ba kaya mai nauyi, har ta cika kilomita dubu, sannan a zubar da man farko, a sake ɗaure tof, a sake duba bawul.