Tambayar da ta mayar da ni bakin kogin Sawara

Da aka ba ni aikin rubutu kan Sawara, wani tsohon gari a gabashin Japan, mako biyu na yi ina kallon hotunan gidajen katako da rumbunan 'yan kasuwa da ke jere a bakin ƙaramin kogin Ono. Na kai wa malamina shafi goma. Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Ginin kam na gani. Kuɗin ginin daga ina?"

Ban da amsa. Sai na bar gidajen na bi ruwa.

Ashe kogin Tone, wanda Ono ke zuba a cikinsa, da can ta wajen Edo, wato Tokyo ta yau, yake faɗawa teku. Gwamnatin Tokugawa, mai mulkin Japan a lokacin, ita ce ta sa aka yi shekaru ana haƙa, har wajen 1654 aka karkata shi gabas zuwa garin Choshi da ke bakin teku. Nan Sawara ta tsinci kanta a kan hanya. Jiragen ruwa suka riƙa lodin shinkafa da giyar shinkafa da ruwan miyar waken suya zuwa Edo, har mutanen garin na yi wa kansu kirari wai sun fi Edo. Jirgin ƙasa ya iso a 1898, daga baya motocin kaya suka ƙwace cinikin. A 1996 hukuma ta sa unguwar cikin wuraren tarihi da ake karewa.

Tun daga ranar, duk tsohon garin da zan karanta, kaya nake fara bi: me ake ɗauka, ta ina, wa ke saye.

Wannan bin ne ya kai ni ga Ino Tadataka, mutumin da har yau nake jinsa a raina. Yana ɗan shekara 17 ya shigo Sawara ta hanyar aure, ya riƙe kasuwancin surukansa har ya bunƙasa. Da ya kusa hamsin sai ya miƙa wa ɗansa, ya tafi Edo ya durƙusa gaban malamin taurari wanda shi Ino ya girme wa da shekara 19. Lallai gemu ba ya hana ilimi. A 1800 ya fara auna gaɓar Japan, da farko da takun ƙafa, ya shafe shekara 17 yana yi. Ya rasu a 1818, almajiransa suka kammala taswirar Japan da yake haɗawa a 1821.

Na koma wurin malamin da wani shafi goma. A ciki na nuna cewa yawancin kuɗin tafiyar farko ta Ino daga aljihunsa suka fito, aljihun da kogin Tone ya cika.