Tambayar da ban yi mata ba

Ranar Juma'a zan miƙa makullin ɗakin likitoci in bar sashen, bayan shekara 2. Duk abin da na koya a nan, babu wanda ya zauna mini a rai kamar na wata baiwar Allah daga Kurna.

Mijinta ne ya kawo ta. Kasala, fuska a kumbure, tana jin sanyi a tsakiyar zafin Afrilu na Kano. Gwaji ya nuna T4 ɗinta, sinadarin da ƙullun tayirod na wuya ke fitarwa, ya yi ƙasa. Na ce ciwon tayirod ne, na rubuta lebotayiroksin, maganin da ke maye gurbin T4, na kai wa babbana, likitan da nake ƙarƙashinsa, ya duba sama-sama ya sa hannu. TSH ɗinta, sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, bai hau ba, alhali da cutar a wuyanta take, da ya haura. Na ga lambar da idona, na wuce.

Ba a yi mako biyu ba aka dawo da ita a sume. Awon jini ya faɗi, sukari ƙasa, sodiyum ƙasa. Wata dattijuwar nas ce ta ja mahaifiyarta gefe ta ce, "Mama, haihuwarta ta ƙarshe yaya aka yi?" Ashe shekara 6 da suka wuce a gida ta haihu, jini ya ɓalle har sai da aka yi mata ƙari. Nono bai zo ba, al'ada ba ta sake dawowa ba. Tun daga lokacin ake ta rubutu da sassaƙe.

Wannan ne ciwon da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Pituitari, ɗan ƙullun nan na ƙasan ƙwaƙwalwa da bai wuce ƙwayar wake ba, yana ƙara girma lokacin juna biyu, idan jini ya zuba da yawa sai ya rasa isasshe, wani ɓangarensa ya mutu. Pituitarin ne ke fitar da TSH, shi ne kuma ke aika saƙon sinadarin ACTH zuwa ƙullayen adirenal da ke saman ƙoda su fitar da kotisol, sinadarin da ke riƙe awon jini da sukari. Babu saƙo, babu kotisol. Fatarta ba ta yi duhu ba, potasiyum ɗinta daidai, saboda haka ba ta yi kama da Addison, ciwon lalacewar adirenal ɗin kansu, da muka haddace a makaranta ba. Maganin da na ba ta ya sa jikinta saurin ƙone ɗan kotisol ɗin da ya rage mata. Haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotisol, ake fara bayarwa, lebotayiroksin ya biyo baya. Miligiram 100 na haidirokotizon ta jijiya da ruwan leda suka dawo da ita, Alhamdulillahi.

Washegari a zagaye, a gaban ɗalibai da majinyata, babbana ya ce yaran yanzu ba sa tambaya kafin su rubuta magani. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Laifina ne, ban musa ba, amma ba nawa ne ni kaɗai ba.

Sauran darussan gajeru ne. A ɗebi jinin kotisol da sassafe. A saurari tsofaffin nas-nas. Mace ta zo da kasala, a tambaye ta haihuwa da shayarwa ko da layi ya kai bakin ƙofa.

Yanzu tana zuwa da ƙafarta. Na rubuta mata kati da Hausa cewa in zazzaɓi ya kama ta ta ninka maganin, in amai ya hana shi zama a kawo ta allura nan take, kuma kada ta daina sha don ta ji sauƙi. Takardar ranar farko tana nan cikin fayil ɗinta, da sa hannu biyu a ƙasa. Jiya na sake buɗewa na duba.